Tsokanar 'Yan Ƙwallo a Fagge da Sabon Gari: Ina Wasa Ya Tsaya, Ina Faɗa Ya Fara?

A wannan mako shafinmu zai leƙa filin ƙwallo. Na san akwai dattawan da za su ɗaga gira su ce, me ya haɗa shafin ikkilisiya da tamaula? To, Baba, ka tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ka saurari hirar samarin da ke fitowa. Kafin su kai bakin titi sun bar wa'azin fasto a kan benci, sun shiga lissafin wasan ƙarfe huɗu. Inda 'ya'yanmu suke, nan ya kamata idonmu ya kasance. Kuma abin da ya dame ni ba ƙwallon ba ne, bakin masu kallon ne.

Kowa ya san yadda abin yake. In ƙungiyarka ta sha kashi ranar Lahadi, to Litinin ba ka da sakat. Tun daga teburin mai shayi za a fara yi maka gaisuwar ta'aziyya, ana tambayarka ya ƙarin haƙuri. A Kantin Kwari maƙwabcin rumfarka zai aiko yaro ya tambaye ka ko kana bukatar kwando, tunda golanku ya gaji da kwasa da hannu. A kasuwar Sabon Gari wani zai ɗaga yatsu uku daga nesa bai ce uffan ba, kai ka san abin da yake nufi. Wannan duka raha ce, kuma ni ban ga laifinta ba. Mutumin da ya wuni a rana yana neman na tuwo, in ya sami abin da zai sa shi dariya ba tare da ya taɓa aljihu ba, ai ya ci riba.

Amma Fagge da Sabon Gari ba kamar sauran unguwanni ba ne. Ƙaramar hukuma ɗaya ce, titi ne kawai ya raba su, amma kusan duk ƙungiyar da ke buga gasar Nijeriya tana da 'yan gida a nan. Bakano da Pillars, wato Sai Masu Gida. Ɗan kasuwar da ya zo daga Inugu yana tare da Rangers, na Aba yana tare da Enyimba. Bayarabe da Shooting Stars ta Ibadan. Mutanen Filato da Plateau United, wadda ta ɗauki kofin gasa a 2017. Bakatsine da Katsina United. A shekarar 2025 kuma Kano ta sami ƙungiya ta biyu a babbar gasa, wato Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin, har ya zama ana iya samun wa da ƙane a ɗaki ɗaya kowa da tasa. Saboda haka idan an tashi wasa a Kano ko a Aba, wanda ya ci da wanda aka ci za su haɗu da safe a bakin famfo ɗaya.

DUNIYA RAWAR 'YAN MATA

Bari mu ɗan bi tarihi, domin shi ne makamin 'yan tsokana. An kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin ita akwai Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, tsofaffi har yau suna ba da labarinta. Pillars ta zama zakara a 2008, sa'an nan ta jera sau uku, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 ba a taɓa cin ta a gida a gasar ƙasa ba, wasa 202 cur, sai da Nasarawa United ta zo ta ci 2 da 1. A waɗannan shekaru magoya bayan Pillars ne ke riƙe da bulala, kowa kuwa ya sha ta.

Amma wanda ya hana ta zuwa wasan ƙarshe a 2009 ɗin nan ba Balarabe ba ne, Heartland ce ta Owerri, kuma da ci mai yawa. Sai kuma ran 24 ga Oktoba, 2018, a Asaba, ranar da babu mai goyon Pillars da ke son a tuna masa. Wasan ƙarshe ne na kofin ƙalubale. Pillars na gaba da ci 3, Rangers ba ta da ko ɗaya, mutane a gidajen kallo har sun fara shirin zagaya gari da babura. Cikin minti goma sha biyar na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, aka je bugun fenariti ta ɗauke kofin da 4 da 2. Yatsu ukun da na ambata a sama, daga nan suka samo asali a wajen mutane da yawa. Ba a cika shekara ba, a watan Yuli na 2019, Pillars ta je Kaduna ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti ta ɗauki wannan kofi, sai bulala ta sake komawa hannun masu gida.

A 2022 kuwa abin da ba a zata ba ya faru, Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Su wa suka raka ta? Katsina United da Heartland, tare da MFM ta Legas. A 2023 Pillars da Katsina United da Heartland suka sake hawowa tare. Wato waɗanda suka daɗe suna yi wa juna dariya, mota ɗaya ta sauke su, mota ɗaya ta dawo da su. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya fahimci wannan, tsokanarsa takan zo da sauƙi, domin ya san bashi yake ɗauka, kuma ranar biya tana tafe.

MUNA DA GADON WASA

Kada wani ya ɗauka zolaya baƙuwa ce da ƙwallo ya kawo mana. Kakanninmu sun riga Turawa sanin amfaninta. Akwai wasan taubasai, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Akwai na jika da kaka, inda tsohuwa za ta kira jariri mijinta, ta yi masa gorin bai kawo cefane ba. Akwai na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Tibi. Bafulatani zai kalli Babarbare mai furfura ya kira shi bawansa a tsakiyar kasuwa, a yi dariya a watse. Masana suna cewa da yawa daga cikin irin waɗannan wasanni sun tsiro ne a inda aka taɓa yin yaƙi ko gaba, aka mai da takobi ya zama dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin abubuwan gado na duniya da ya kamata a adana.

Sai dai wasan nan yana da ƙa'ida, ko da ba a rubuce take ba. Duka biyun sun san wasa ake yi. Wanda ka tsokana yana da ikon ramawa, kai kuma dole ka shanye. Ba a yin sa don a kunyata mutum a ranar da yake cikin baƙin ciki na gaske. Mafi girma kuma, ranar da wuta ta kama gidanka, abokin wasan nan shi ne na farko da zai zo da bokiti. Wasan yana zaune ne a kan zumunci, ba shi ne ke riƙe da kansa ba. In ka cire zumuncin ka bar kalmomin kaɗai, abin da ya rage zagi ne tsagwaronsa.

A ganina nan ne matsalar tsokanar ƙwallo ta zamaninmu take. Mun ɗauki kalmomin taubasai muna jifan mutanen da ba mu taɓa cin tuwo da su ba. Samari hamsin a kan babura suna yi wa mutum ɗaya ature a ƙofar shagonsa, wannan ba taubasantaka ba ce, ko da suna dariya. Shi ba ya dariya, kuma ba shi da bakin ramawa.

INDA MAGANA KE SAUYA KAYA

Ku lura da yadda abin ke tafiya. Da farko ana maganar gola ne da 'yan baya. Can sai a koma kan alƙalin wasa, an saye shi. Wa ya saye shi? Ai mutanen nan, haka halinsu yake, ba su san komai ba sai kuɗi. Daga ɗaya gefen kuma a ce, ai su ba sa iya cin wasa sai da duwatsu, ba su san komai ba sai faɗa. To jama'a, a nan an bar filin ƙwallo. Mutum goma sha ɗaya ne suka buga, amma yanzu ana shari'ar miliyoyin mutane. Taki ɗaya ya rage a fara jin nyamiri da arne daga nan, ana jin malo da almajiri daga can. Har kalmar aboki, wadda a harshenmu babu mai daɗinta, an mai da ita abin jifa, ana furta ta da wani irin lanƙwasa baki da kowa ya san ma'anarsa.

Ko kirarin Sai Masu Gida ma yana da fuska biyu. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko a filin Pillars da ke cikin Sabon Gari, kirari ne mai daɗi, ni ma ina yin sa da ƙarfi. Ƙungiyar gida ce ke karɓar baƙi, shi ke nan. Amma in aka fito da shi kan titi aka nuna wani da yatsa, sai ya zama tambaya: in mu ne masu gida, kai wane ne? Tun wajen 1913 Turawan mulki suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ƙasa ya kawo. Akwai iyalan da kakansu a nan aka haife shi, a nan aka binne shi. Yaron da aka haifa a Church Road ko Yoruba Road, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, in an ce masa baƙo saboda rigar ƙwallon da ya sa, zafin da yake ji ba na ci 2 da 1 ba ne.

Mai yin irin wannan magana ya manta da waɗanda suka ɗauko wa masu gida kofunan da yake taƙama da su. Kadiri Ikhana, tsohon ɗan wasan Bendel Insurance, shi ne kocin da ya ci gasar 2008. Okey Emordi, wanda ya ɗauki kofin Afirka da Enyimba a 2004, shi ya ja ragamar Pillars a 2014. Theophilus Afelokhai ya yi shekaru yana tsare ragar Pillars. Ahmed Musa daga Jos ya zo, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, kuma sanannen abu ne cewa mahaifinsa Musulmi ne, mahaifiyarsa Kirista. Sai Chinedu Udoji, tsohon kyaftin ɗin Enyimba da ya dawo Pillars. Ran 18 ga Fabrairu, 2018, ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa a Kano, a daren nan ya rasu a haɗarin mota a cikin gari. Washegari babu wanda ya tsaya tambayar ko ɗan gida ne ko baƙo. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu makoki ɗaya suka yi.

DARASIN 1953

Wani zai ce, Malam, ka cika tsoro, ihu ne kawai, ihu ba ya kisa. Ina roƙon mai wannan magana ya tambayi tarihin unguwar da yake zaune. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar wakilai a Legas cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, suka ce a jira sai lokacin da ya dace. Da suka fito, taron jama'a a Legas ya yi musu ihu da ba'a, ana kiransu 'yan koren Turawa. Babu wanda aka kashe a ranar. Amma mutanen sun dawo gida da abin a ransu, labari kuma ya bazu.

Bayan mako shida sai jam'iyyar Action Group ta turo tawaga Kano a ƙarƙashin S. L. Akintola, za a yi taro a Colonial Hotel ran 16 ga Mayu. Daga nan rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana fafatawa, kuma fagen fama shi ne tsakanin Fagge da Sabon Gari, wato inda muke saye da sayarwa a yau. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Abin tausayi, waɗanda suka mutu ba su ne suka yi ihun Legas ba, ba kuma su aka yi wa ba. Talakawa ne 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin zauren majalisa ba. Hakika akwai siyasa da tsoron danniya a ƙarƙashin abin, ba ihu kaɗai ba ne. Amma busasshiyar ciyawa tana iya shekara ba ta kama ba sai an sami mai ƙyasta ashana. Wani abin lura kuma, a wannan shekara ta 1953 ce ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas ta ɗauko kofin ƙalubale, wanda bai sake zuwa Kano ba sai bayan shekara 66.

Ba sai na tsaya jera sauran ba. Waɗanda suka ga Oktoban 1982, lokacin rikicin ginin cocin Angilikan a Fagge, da Oktoban 1991, lokacin zuwan mai bishara Reinhard Bonnke, da Mayun 2004, suna nan da ransu a cikin majami'unmu, wasunsu har yau ba sa son jin gudun mutane da yawa a kan titi. Ba ƙwallo ne ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, a irin wannan ƙasa muke wasanmu, kuma mai wasa da wuta a gefen rumbu ba daidai yake da mai yi a bakin rafi ba.

Filin ƙwallon kansa ya nuna mana alamu. A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan wasan Pillars da Rangers, 'yan kallo suka afka cikin fili suna neman alƙalin wasa, aka ci Pillars tarar naira miliyan 8. Ran 16 ga Afrilu, 2022, wasan farko da Pillars ta dawo yi a Kano bayan dogon zama a Kaduna, aka tashi baram-baram da Katsina United, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasa ta ci tarar naira miliyan 9, ta ƙwashe maki 3, ta mai da wasannin gida Abuja. A ƙarshen kakar nan ne ƙungiyar ta faɗi. Ku duba fa, Kano da Katsina, harshe ɗaya, mafi yawansu addini ɗaya, auratayya ba iyaka. A watan Oktoba na 2025 kuma aka sake, bayan Shooting Stars ta farke ci ana dab da tashi, aka sake ƙwashe maki 3 da tara mai nauyi. Wato mai jifa da sunan ƙauna, ƙungiyarsa yake jifa. A waje ma haka ne. Ran 9 ga Mayu, 2001, a Accra, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya ƙare da mutuwar fiye da mutum 120, bayan 'yan kallo sun fara jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsitsi a ƙofofi. A Port Said ta Masar, a watan Fabrairu na 2012, fiye da 70 suka mutu.

ME LITTAFI YA CE?

A ajin matasa an taɓa ƙalubalantata da cewa ai annabi Iliya ma ya yi ba'a. Gaskiya ne, yana nan a 1 Sarakuna sura 18. A kan Dutsen Karmel ya zolayi annabawan Ba'al, har ya ba su shawara su ƙara ɗaga murya ko allahn nasu barci ya ɗauke shi. Ban ɓoye wa yaran ba, na ce musu wannan zolaya ce mai kaifi. Amma ku duba wane ne ke yi, kuma da wa. Mutum ɗaya ne tilo a gaban annabawa 450 waɗanda fada ke goyon bayansu, yana tona asirin gunki da ransa a hannu. Wannan dabam yake da taron samari a kan maƙwabci guda wanda laifinsa kawai ƙungiyarsu ta ɓarar da fenariti.

Irin tamu ta fi kama da ta Sanballat da Tobiya a Nehemiya sura 4, masu ƙarfi suna dariyar masu rauni da ke ƙoƙarin gyara garun garinsu, har Tobiya yana cewa ko dila ta hau ginin zai rushe. Ko kuwa ta samarin Betel a 2 Sarakuna sura 2, da suka bi annabi Elisha a hanya suna yi masa ature saboda sanƙonsa, abin ya ƙare da kuka a kan samari 42. Amma wurin da ya fi dacewa da mu shi ne Karin Magana 26, aya 18 da 19. A can an kwatanta mutumin da ya cuci maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da cewa wasa yake yi, da mahaukacin da ke wurga bakin wuta da kibau. Sau nawa muka ji wannan uzuri a gidan kallo, bayan an riga an fasa wa wani baki? Sura 24 ta littafin nan ta hana mu yin murna in maƙiyinmu ya faɗi. In an hana a kan maƙiyi, ina ga wanda kuke karɓar Jibin Ubangiji tare? Yaƙubu kuma a sura 3 ya yi mamakin yadda baki ɗaya ke yabon Allah, ya juya ya zagi mutumin da aka halitta cikin kamannin Allah. Tsakanin waƙar ƙarshe ta sujada da busa usur na farko, sa'a huɗu ce ko biyar.

MU DA KE TSAKIYA

Akwai wani nauyi da ya rataya a kanmu, mu Kirista masu jin Hausa, wanda bai rataya a kan kowa ba. Ko daga karkarar Kano da Katsina muka fito, ko kudancin Kaduna, ko Filato, ko Tangale, ko Zuru, ko Biu, muna zaune a tsakiya ne. A filin wasa muna kirari da Hausa tare da kowa, sai an tambayi suna a ji Bulus ko Yohanna. A Sabon Gari kuma ɗan'uwa daga Kudu, wanda muke ɗaukar Littafi ɗaya, yakan kira mu aboki da irin muryar nan. Kunnenmu yana jin abin da ake faɗi a kowane gefe. Mun san abin da aka ce a Fagge bayan Rangers ta ci, mun san abin da aka ce a New Road bayan Pillars ta faɗi.

Wannan matsayi yana iya zama albarka, yana iya zama masifa. Jarabar da ke cikinsa ita ce tafinta. Wani ya yi baƙar magana da Hausa a gidan kallo, wanda aka yi dominsa bai ji ba, sai ɗanmu ya matso ya ce, ka san abin da ya ce da kai? Ya fassara, har ya ƙara gishiri. Da ya yi shiru, maganar da ta mutu a inda aka yi ta. Aya ta 20 ta wannan sura ta 26 ta ce wuta takan mutu in babu itace, faɗa kuma yakan kwanta in babu mai kai gulma. Ba kowace magana ce ta cancanci a haye da ita titi ba. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da za a fara rarrabe mutane da harshe, gama Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin mashigin Urdun, inda furta kalma ɗaya ya raba mai rai da gawa, mutum 42,000 na Ifraimu suka hallaka a hannun 'yan'uwansu. A irin wannan rana, mai tsakiya ba shi da gefen gudu.

Ban ce a daina tsokana ba, kada a je a ce katekis ya haramta dariya. Wanda golansa ya saki ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, a yi masa ta'aziyya da safe, ya sha shayinsa da haƙuri. Amma a tsaya a kan gola. Uwar mutum da ƙabilarsa da addininsa ba su buga wasa ba. A tsokani wanda aka sani, wanda zai iya ramawa mako mai zuwa, ba baƙon fuska ba. In ka ga dariya ta bar fuskar abokinka, to kai kaɗai ka rage a wasan, sai ka saya masa ruwan sanyi ku canja hira. Zagaya unguwar wasu da babura ana hon da daddare kuwa, wannan ba murna ba ce, neman magana ne, iyaye su hana.

Akwai 'yan ikkilisiya da yawa da ke da gidajen kallo a Sabon Gari da kewaye. Ɗan'uwa, kai ne mai gida a wurin, kuma janareto da talabijin ɗinka ne za su fara shan dutse. A gefen allon da kake rubuta wasannin rana da kuɗin shiga, akwai wurin da za ka rubuta cewa ba a zagin iyaye, ba a zagin ƙabila ko addini, wanda ya yi a mai da masa kuɗinsa ya fita. Za ka yi asarar kuɗin mutum biyu ko uku a makon farko. Shugabannin zumuntar matasa kuma, ina roƙo ku sa wannan magana cikin ajandar taronku kafin wasa na gaba da Pillars za ta yi da Rangers ko Enyimba ko Barau, ku gayyato har da samarin Fagge da kuke buga ƙwallon yamma tare da su. Abin da kuka tattauna, ku rubuto wa wannan shafi ta hannun fastonku, za mu buga.